Aski Ya Zo Gaban Goshi

Tambaya: Anti, ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, nan Kaduna. Tun 2018 nake rubuta wani ƙagaggen labari. Na tsara shi babi 30, na rubuta 27, amma yau fiye da shekara uku ban ƙara ko layi ɗaya ba. Kullum na buɗe kwamfuta sai in koma babin farko in yi ta gyara. Na san yadda labarin zai ƙare, sai dai da na zo rubutawa ƙirjina ya yi nauyi, in rufe. Na fara shi ne ina jinyar Mamata, duk babin da na gama ita nake karanta wa da daddare, kuma ina kammala babi na 27 Allah ya yi mata rasuwa. Lalaci ne ya kama ni, ko baiwar ce ta ƙare?

Amsa: Ƙanwata, kafin komai, Allah ya jiƙan Mama, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara, ke kuma ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kika yi da ita.

Lalaci kam ba shi ba ne. Malalaciya ba ta tafiya aji da safe, ta dawo ta yi jinya, sannan ta zauna ta rubuta babi 27. Baiwa kuma ba ruwan randa ba ce da za a wayi gari a tarar ta ƙare. Na shafe sama da shekara 20 ina tace rubutun mutane tsakanin Kaduna da Zariya, kuma ina da akwati guda na rubuce-rubucen da masu su suka kawo, suka ce bari su je su ƙarasa su dawo. Kaɗan ne a cikinsu suka tsaya a farko ko a tsakiya. Yawancinsu ana hango gaɓa suka ajiye filafili. Hausawa sun riga sun faɗa, aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi.

Duk wanda ya zo mini da irin wannan kuka, nakan fara da gwaji ɗaya don in raba ciwon littafi da ciwon marubuci. Nakan ce ya rufe takardunsa, ya ba ni ƙarshen labarin da baki cikin minti biyar, kamar yadda ake yi wa yara tatsuniya. Wanda ya kama in'ina, yana cewa wataƙila ta koma gidan mijinta, ko kuma dai ta mutu, to littafinsa ne ke da ciwo, kuma galibi ciwon yana can baya, wajen babi na 10 ko na 12, inda ya ɗaura ƙulli fiye da yadda zai iya kwancewa, ko ya cusa mutum biyar a labarin mutum biyu. Wannan aikin almakashi ne, mako biyu ya ishe shi. Ke kuwa kin ce kin san inda za ki sauka. Littafinki lafiyarsa ƙalau, sai mu juyo kanki.

Ki sake karanta tambayarki a hankali. Babi 27 kika rubuta, babi 27 Mama ta ji. Na 28 shi ne na farko da za ki gama, ki ɗaga kai, ki ga ba kowa a kan gadon. Ranar da kika sa masa hannu kin amince ke nan, a rubuce, cewa labarin ya ci gaba ba da ita ba. Nauyin da kike ji a ƙirji ke nan. Komawar da kike yi babin farko kuwa, ni ban ɗauke ta gyara ba, ziyara ce. A can muryarta take. A can ta yi dariya, a can ta ce wannan yarinyar ta cikin labari ba ta da kunya, a can ta tambaye ki me ya sa kika bar baƙo ya tafi ko ruwa bai sha ba. Littafin ya zama ɗakin da kuka fi zama tare, kuma muddin ba a gama shi ba, ba a kwashe kayan ɗakin ba.

Ban ga laifinki ba ko kaɗan. Amma akwai abin da ya zama dole in gaya miki ko da zai yi ɗaci. Kowace jimla da kika sauya a babin farko, jimlar da Mama ta ji ce kike gogewa. Shekara uku kina gyara, mai yiwuwa rabin abin da ke cikin kwamfutarki yanzu ba shi ta saurara ba. Don haka aikinki na farko, yau in da hali, ki nemo kwafi mafi tsufa da za ki iya samu, ko a imel, ko a tsohuwar waya, ko a littafin rubutu in da hannu kika fara. Ki kai shagon buga takardu a fitar miki da shi, a sa masa bango, ki rubuta a kai cewa wannan shi ne wanda Mama ta ji. Ki adana shi tare da zannuwanta. Wannan naku ne ke da ita, ba mai tace shi, ba mai sayensa, ba mai tofa albarkacin baki a kansa. Za ki ji wani abu ya sassauta, domin abin da kike tsoron rasawa ya samu mazauni, ragowar kuma ya koma littafi kawai, wanda za a iya yankewa, a ƙara, a gama.

Kalmar da na ga ta fi dacewa da gama aiki irin wannan ita ce yaye. Ki lura, da kalma ɗaya muke kiran cire jariri daga nono, da sallamar ɗalibin da ya gama makaranta, da sakin yaron tela a Kasuwar Barci ya je ya buɗe nasa shagon. Duk macen da ta taɓa yaye ta san ba yaron kaɗai ke shan wuya ba. Uwar ma nono kan cika ya yi tauri, ta kwana tana juyi, kunnenta na jiyo mata kukan da ba a yi ba. Shi ya sa iyayenmu ba sa barin yaye a hannun uwa ita kaɗai. Ɗaukar yaron ake yi a kai shi gidan kaka na 'yan kwanaki, don an san in yana gabanta, tausayi zai karya ta cikin dare ta sake ba shi. Ba wanda ya taɓa cewa uwa ta daina son ɗanta don ta yaye shi. An dai san yaron da ya kai shekara biyu tuwo yake bukata.

To haka za ki yi da babi 27 ɗin nan. Ki kwafe su a fulash biyu, ki damƙa wa wata wadda kike jin nauyinta, wadda in kin kira ta tsakar dare kin ce ta dawo miki da su za ta iya ce miki a'a. Sannan ki cire su daga kwamfutarki da wayarki gaba ɗaya. Ki bar wa kanki shafi biyu kawai: sunayen mutanen labarin, shekarunsu, inda kowa ya tsaya, da ƙulle-ƙullen da suka rage ba a kwance ba. Na san za ki ce ai sai kina leƙa baya don kada ki yi tuntuɓe. Za ki yi tuntuɓen. Za ki kira wani da sunan ƙanensa, ki mayar da damina rani. Duk wannan aikin yini ɗaya ne daga baya.

Sai babban abu, wanda nake ganin shi ne mabuɗin ƙofarki. Ke don kunne kika koyi rubutu. Kina rubutawa da rana kina sane da cewa da dare akwai mai jira. Wannan ni'ima ce da marubuta da yawa ba su taɓa samu ba, kuma na tabbata in na karanta littafinki zan ji ta a jimlolinki, domin rubutun da aka saba karanta shi a bayyane ba ya ɗaukar jimla mai sarƙe numfashi. Da Mama ta rasu, ba mai sauraro kaɗai kika rasa ba, har da yadda kike aiki. Kina daka ne ba mai amsa miki luguden, shi ya sa taɓaryar ta yi nauyi. Ki nemi wani kunnen. Ba wadda za ta maye gurbinta, kuma kada ki ɗora wa kowa wannan kayan. Amma akwai ƙanwar Mama, ko aminiyarta da suka yi zaman unguwa tare, ko yayarki, ko ma wata tsohuwa a layinku da idonta ya raunana take marmarin hira. Ki ce mata duk daren Alhamis za ki zo ki karanta mata abin da kika rubuta. A wannan matakin kada ki zaɓi marubuciya 'yar'uwarki ko malamin adabi, su gyara za su kama yi miki. Mai tambayar "sai me ya faru?" kike bukata.

Ki sauya wurin zama ma. In a ɗakin jinya kika rubuta na baya, kada ki rubuta na gaba a can. Ofishin malamai bayan an tashi ya isa, ko laburare, ko ɗakin karatu na Arewa House in hanya ta ba ki. Na san wanda ya rubuta ƙarshen wasan kwaikwayonsa a jirgin ƙasa tsakanin Rigasa da Idu, zuwa da dawowa, domin nan ne kaɗai ba ya iya tashi ya fita in abin ya yi masa zafi. Ki tsayar da lokaci ki kira shi da sunansa: bayan sallar asuba, minti 40, Litinin zuwa Alhamis. "In na samu sarari" ba alkawari ba ne. Ya zo a Buhari da Muslim cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma na ga gaskiyar wannan a teburin rubutu fiye da sau ɗari. Ki fara da babi na 30, da hannu, a littafin 'yan makaranta, ko yaya ya fito. In idonki ya ga ƙarshen a takarda, na 28 da na 29 sun zama gada kawai tsakanin gaɓa biyu da kika sani. Hawaye in sun zo ki bar su su zuba, ki ci gaba da rubutu. Ba alamar tsayawa ba ce.

Akwai wani tsoron da ba ki ambata ba, amma ban taɓa ganin marubucin da ya kuɓuta daga gare shi ba. Littafin da ba a gama ba, ba mai iya kushe shi. Yana nan a ranki cikakke, ya fi duk abin da ke kasuwa, saura babi uku kawai. Ranar da kika gama, sai ya zama littafi mai shafi kaza, mai ƙarfi a nan, mai rauni a can, kuma yaron da bai wuce sa'an ɗalibinki ba zai iya karanta shafi goma ya ce bai yi masa ba. Mu mata a nan Arewa muna da ƙarin kaya a ka. Dangin miji za su karanta su ce wance ake nufi, abokan aiki su ɗauka sakin da ke cikin labarin naki ne. Wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Berglas da Jones, sun nuna a 1978 yadda mutum kan ɗaura wa kansa dabaibayi da hannunsa, don in abu bai yi kyau ba ya samu abin fakewa, kada a ce iyawarsa ce ta gaza. Rashin gamawa irin wannan dabaibayin ne, kuma yana kama manya. Marubucin nan na Amurka, Ralph Ellison, ya fitar da ƙagaggen labarinsa na farko a 1952, duniya ta yaba. Na biyun ya yi ta rubuta shi kusan shekara 40, ya rasu a 1994 ya bar shafi sama da 2,000 bai ɗaure bakinsu ba. Iyawa kuwa bai rasa ta ba.

Maganin wannan shi ne ki raba gamawa da bugawa. Shawara biyu ce, kowacce da ranarta. Yanzu gamawa ce kawai a gabanki. Bayan nan ikonki ne, ko ki ajiye a akwati, ko ki buga kwafi 20 ki raba wa dangi, ko ki fitar da shi da laƙabi, ko ki kai kasuwa da sunanki. Na taɓa ba wasu shawarar kada su buga, domin abin da suka rubuta zai ɓata zumunci fiye da amfanin da zai yi. Amma ban taɓa ba wanda ya kai inda kika kai shawarar kada ya gama ba. In kuma daga baya kin yanke za ki fitar, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Shi kuwa gyara, ki sani ba ya ƙarewa da kansa, yanke shi ake yi. Akwai maganar da ake jingina wa Alƙali Fadil, babban magatakardan Salahuddin Ayyubi, wanda ya rasu a 1200. Ya ce ba wanda zai rubuta littafi yau face gobe ya ce da an sauya nan da ya fi, da an ƙara wancan da ya ƙayatar, da an gabatar da wannan da ya fi dacewa, da an bar wancan da ya fi kyau, kuma wannan shaida ce cewa tawaya ta mamaye 'yan'adam duka. Sama da shekara 800 ke nan, har yau ba marubucin da ya warke. Hanyar da nake gane ko gyara yana da sauran amfani mai sauƙi ce. Ki ɗauki tsohon sakin layi da sabon, ki ba wani ya karanta ba tare da kin gaya masa wanne ne sabo ba. In ya kasa zaɓa, ko ya zaɓi tsohon, to gyara ya ƙare tuni, sauya jeren kwanuka kawai kike yi a ɗaki ɗaya.

Lokacin yanka zai zo bayan kin gama, kuma a nan ne za ki gane ba ki iya yi wa shafukanki kuɗi da kanki. A wani bincike da aka wallafa a 1990, wasu masana uku, Kahneman da Knetsch da Thaler, sun raba wa wasu ɗalibai kofunan shayi a Amurka, suka bar wasu hannu wofi, sannan suka buɗe ciniki a tsakaninsu. Waɗanda aka ba kofi sun nemi kusan ninki biyu na abin da marasa kofi suka yarda su biya, alhali mallakar ba ta wuce ta 'yan mintoci ba. Ina ga abin da kika yi shekaru kina raino a gefen gadon jinya? Don haka ki nemi masu karatu uku da ba su san juna ba. Abin da biyu suka haɗu a kai, ki gyara. Abin da ɗaya kaɗai ya faɗa, ki kwana a kansa, ki yi abin da ranki ya natsu da shi. Zagaye ɗaya tak, daga nan sai hannun mai tacewa. Duk abin da aka cire kada ki goge, ki buɗe masa wani fayil ki kira shi rumbu. Marubuta sun fi yarda a yanke musu shafi in sun san ajiye shi aka yi ba zubarwa ba, kuma sau da yawa daga rumbun nan irin littafi na biyu ke fitowa.

Babbar matsalarmu mu masu rubutu ita ce ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa. Tela a jajibirin salla yana iya son ya ƙara wa riga ado, amma mai kaya na tsaye a bakin shago, dole ya yanke zare ya goge ya miƙa. Littattafan ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko, guda biyar, daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 suka fito, gasa kuwa ba ta jiran wanda bai shirya ba. Haka jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, edita ba ya ce wa maɗaba'a a dakata masa ransa bai kwanta da shafin farko ba. Ke ba ki da mai kaya, sai ki naɗa wa kanki. Ki tsayar da rana, amma kada ki yarda da lissafinki na farko. A wani bincike da aka wallafa a 1994, an tambayi wasu ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa ya rage musu su gama kundin digirinsu. A matsakaici sun ce kusan 34, sai da suka ci kusan 56, har suka zarce abin da suka ƙiyasta in komai ya lalace. In zuciyarki ta ce mako shida ya ishi babi uku, ki rubuta wata uku. Ki gaya wa mai riƙe da fulash ranar, ki gaya wa mai sauraronki, ki ce kada su karɓi uzuri sai na ciwo. In kuma kin ji hannunki ya manta ɗanɗanon kai aiki ƙarshe, ki rubuta gajeren labari ɗaya, kalma 1,000 zuwa 1,500 irin tsawon na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ki gama shi cikin mako ɗaya, don jikinki ya tuna cewa ana gamawa kuma ba a mutuwa.

Abin da ya sa nake matsa miki haka, ni ma na ɗanɗana. Na ɗauki waƙoƙin niƙa da na daka daga bakin kakata a kaset, na rubuta su, na yi musu sharhi, saura gabatarwa da bayanin wasu tsofaffin kalmomi. Shekara tara ina cewa sai na ƙara leƙa ƙauye sau ɗaya. Gaskiyar magana, daɗi nake ji in sa kaset in ji muryarta da sunan ina aiki, kuma na san in na gama ba ni da sauran hujjar kunnawa kullum. Cikin shekarun nan gwaggota ta rasu, ita ce ta ƙarshe da ta san ma'anar kalmomin. Da na tashi gamawa, waƙa 11 na cire don ba mai buɗe mini su. Har yau in na tuna sai in ji zafin a maƙogwaro. Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a masallatanmu duk azumi, Jalaluddin Mahalli ne ya fara shi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshe, ya yi Fatiha, ajali ya riske shi a 1459. Allah ya ba shi ɗalibi irin Suyuɗi, ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i cikin kwana 40. Ba kowa ke samun Suyuɗi ba. Ƙarshen labarinki a kanki kaɗai yake, ba a takarda ba, ba a bakin kowa ba.

In Allah ya kai ki layin ƙarshe, kada ki rufe kwamfuta kawai ki tashi dafa tuwo. Magabatanmu ba sa barin aiki ya ƙare shiru. Malami in ya gama kwafar littafi yakan rubuta tammat bi hamdillahi, mawaƙin ajami ya sa ramzin shekarar da ya gama, almajiri in ya sauke a yi masa walima, ko tatsuniya ma sai an ce ƙurunƙus kafin yara su watse. Wannan hikima ce, domin zuciya tana son a nuna mata iyaka. Ki rubuta rana da wata da shekara, ki rubuta Tudun Wada, Kaduna. Ki rubuta shafin sadaukarwa da sunanta. Ki soya ƙosai ko waina ki raba wa maƙwabta da almajiran layi, da niyyar ladan ya kai gare ta. In daga baya ya kai ga maɗaba'a, za a ba ki kwafin gwaji ki duba ki sa hannu, kuma da an haɗa farantin bugu kowane gyara kuɗi ne. Ranar da kika buɗe kwafin farko za ki ga kuskure, kowa yana gani. Ki rubuta shi a gefe, na bugu na biyu ne.

Ki kuma shirya wa abin da ke biyo baya. Makonnin farko bayan gamawa ba su cika zama na murna ba. Wani fili ne ke buɗewa a yini, lokacin da aka saba ba littafi, kuma ke naki zai iya kama da zaman makoki na biyu. Ki bar shi ya zo, ki yawaita zuwa cikin dangi, ki yi mata addu'a. Amma ina so ki tambayi kanki tun yanzu, wannan nauyin ƙirjin a gaban littafi kaɗai yake zuwa, ko ya bi ki har aji da kicin da shimfiɗa? In barci ya ƙaurace miki, abinci ya fita ranki, abin da kike so a da ya daina yi miki daɗi, kuma hakan ya wuce mako biyu a jere, to wannan ya fi ƙarfin mai tace rubutu. Ki ga likita. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana duba masu damuwa da baƙin cikin rashi, masu zuwa da ƙafarsu su koma aiki washegari, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Daren Alhamis mai zuwa ba sai kin je da sabon babi ba. Kafin ki adana tsohon kwafin nan, ki ɗauke shi ki tafi wurin wadda kika zaɓa. Ki ba ta labarin babi 26 da baki, a taƙaice, sannan ki karanta mata na 27 kamar yadda yake, ki tsaya daidai inda kika tsaya wa Mama. Za ta tambaye ki sai me ya faru. Ki ce mata ta jira Alhamis ta sama.